Ranar da Na Shinshina Zoɓon Inna Tabawa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida kakar Sakina a Sule Tankarkar ba. Har yau in na tuna sai in ji gumi yana tsattsafo min a ƙeya, ko da a ƙarƙashin fanka nake zaune. Kuma ba wanda ya jawo min. Da ƙafata na je, da hancina na yi aika-aikar.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Ni mutum ne marar zama. Mahaifiyata takan ce kamar an zuba min ƙaiƙayi a wando, kuma ba ta yi ƙarya ba. In na koyi abu da hantsi, kafin la'asar sai na koyar da mutum uku, ko sun so ko ba su so ba. A Gumel nake zaune, aikina kuma a Maigatari, a wani sito da ake tara zoɓo ana tsincewa ana turawa ƙasashen waje. Ni ne mai duba buhu: in damƙa, in kalli launi, in ce wannan ya yi, wancan akwai yashi a ciki.

Sakina kuwa ma'aikaciyar jinya ce a Gumel, shekara guda ina bin ta kafin ta yarda in turo. Mahaifinta ya ce shi ba shi da ta cewa, tunda mahaifiyarsa Inna Tabawa ce ta raine ta tun tana goye. In Inna ta ce to, an gama. In ta ce a'a, sai dai in nemi wata. Kuma an gaya min ta taɓa sallamar wani mai nema don kawai ya gaishe ta hannunsa ɗaya a aljihu.

To, ana saura wata guda in je wannan gaisuwa, sai maigidanmu ya samu gayyata zuwa baje-kolin kayan sha a Faransa, ya ce in raka shi, wai ai ina jin Faransanci. (Faransancina na kasuwar Maigatari ne, wanda na tsinta a bakin direbobin Damagaram. Na iya gaisuwa, na iya ƙirga zuwa ashirin, na iya zagi biyu. Ban gaya wa maigida nan ya tsaya ba.)

A kwana na uku aka kwashe mu baƙi a babbar mota zuwa wata gonar inabi a bayan gari, wai za a koya mana yadda ake ɗanɗana abin sha. Muka shiga wani ɗaki mai sanyi, ga dogon tebur, ga kofunan gilashi masu doguwar ƙafa an jera, ga faranti-faranti na cuku da cakulet. Da na ga kwalabe sai na ja da baya, na ce wa matar da ke koyarwa mu fa Musulmi ne, ba ma shan giya. Ta yi murmushi, ta ce an san da zuwanmu. Sauran aka zuba musu giyar inabi, mu kuma aka kawo mana matsattsen inabi wanda ba a tsima ba, sabo fil daga gona. Sau uku ina tambaya, sau uku tana rantse min, har maigida ya ce, "Kai, ka bar baiwar Allah ta yi aikinta mana."

Wallahi matar nan ta iya koyarwa. Ta ce kofi ta ƙafa ake riƙe shi, don kada zafin hannu ya ɗumama abin da ke ciki. Sai ka karkata shi a kan wani abu fari ka kalli launi. Sai ka juya shi a hankali, abin sha ya zagaya, ƙamshi ya taso. Sai ka tura hanci can ciki ka shaƙa. Sannan ka kurɓi kaɗan, ka wuwwurga shi a baki, ka ɗan zuƙi iska ta tsakanin haƙora. Daga nan sai ka tofar a wani ƙaramin bokiti da aka ajiye a gaban kowa. Ta ce a fara da marar nauyi a ƙare da mai nauyi, a riƙa cin ɗan burodi a tsakani don a wanke baki. Ta sa muka gutsiri cuku mai gishiri muka bi shi da inabi mai tsami, sai ga tsamin ya kwanta. Ta sa muka ɗora baƙin cakulet mai ɗaci a harshe muka bi shi da inabi mai zaƙi, sai ɗacin ya zama wani abu dabam. Ni da na saba zazzage kofin zoɓo a tsaye a tasha, sai na ji kamar duk rayuwata a makance nake sha.

Kowa ya tofar, ni ma na tofar. Na ma fi kowa iya tofarwa, har matar ta tafa min. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin tofarwar ba, kuma a nan matsalar take.

Na dawo gida da cakulet guda biyar da kai a kumbure. Ba wanda ya tsira daga hannuna. Masu tsintar zoɓo a sito, mai shayin bakin tasha, ƙannena, duk sai da na koya musu riƙon kofi. Ruwan randa ma sai na juya shi a moɗa na shinshina. Ƙanwata ta kai ƙarata wajen mahaifiyarmu, ta ce tun da Yaya ya hau jirgi kansa bai sauko ba.

Ana gobe zan tafi Sule Tankarkar, Sakina ta kira ni ta yi min gargaɗi biyu. "Don Allah ka rage surutu. Kuma duk abin da ta ba ka, ka ci, ka sha. Da hannunta za ta haɗa maka zoɓo, ba kowa take yi wa haka ba." Na ce ta kwantar da hankalinta, ai a fannin zoɓo ta samu gwani. A raina ma cewa nake, tsohuwar nan za ta ga wayewar da ba ta taɓa gani ba. Tun ranar Alhamis na sayi cuku a kasuwar Maigatari wajen wata Buzuwa, irin busasshen nan mai faɗi, don in nuna wa Inna yadda ake haɗa shi da abin sha.

Ranar Asabar na sha farar shadda, na ɗauki abokina Ɗanlami, muka shiga motar haya daga Gumel. Ga goro, ga turare, ga atamfa a leda. Cakulet guda biyu kuma na cusa a aljihun gaba, kusa da zuciya. (Bazara ake, rana kamar za ta fasa kai, mu huɗu a kujerar baya. Mai hankali ya riga ya san abin da zai faru da cakulet ɗin. Ni ban sani ba.) Duk hanya ina ta bitar gaisuwa a baki. Ɗanlami ya ce, "Mutumina, ka san abin da ake faɗa a garin nan? Wai duk wanda ya sha zoɓon tsohuwar nan ba ya sake yi wa matarsa musu." Na yi dariya, maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Aka yi mana iso har tsakar gida, aka shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin rumfa. Inna Tabawa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, mai idanu kamar na shaho, tana zaune a kan kujerar tsugunno da carbi a hannu. Gefenta goggonnin Sakina biyu. Sakina kuwa tana ɗaki, amma na hango labule yana motsi. Na durƙusa har ƙasa, hannuwana duka biyu a waje, na kwashi gaisuwa yadda ya kamata. Inna ta amsa da fara'a, har ta tsokane ni da wasan kakanni. "Wannan ne angon nawa? Ai kuwa na yi wa Sakina ƙwace." Aka yi dariya. Ɗanlami ya taɓa ni da gwiwa, alamar komai yana tafiya daidai.

Sai ta miƙe da kanta ta shiga ɗaki, ta fito da jug cike da zoɓo, jajir, yana raɓa don sanyi. Ta koma ta buɗe kabet ta ɗauko kofin da aka ce ba a fito da shi sai babban baƙo ya zo. Jama'a, kofin gilashi ne mai doguwar ƙafa, irin tsarabar da alhazai ke zuwa da ita. Ina ganinsa na ji wani abu ya tsirga min. Gargaɗin Sakina ya tashi sama.

Ta tsiyaya, ta miƙo min da hannu biyu. Na karɓa ta ƙafa, kamar yadda aka koya min. Na ɗaga shi sama na haska a rana. Na karkata shi a kan farin hannun rigata ina ƙura masa ido. Na juya, na sake juyawa. Hira ta fara mutuwa a tsakar gidan, ni kuwa na ɗauka mamakin gwanintata ake yi. Sai na tura hancina cikin kofin Inna Tabawa, na lumshe ido, na shaƙa. Sau uku! Ɗanlami yana ta mintsinina a cinya, ina ture hannunsa. Na kurɓa, na wuwwurga a kumatu, na zuƙi iska har sai da ta yi ƙara. Na waiga neman bokiti, babu. Sai idona ya faɗa kan tasar wanke hannu.

Na jawo ta, na tofar.

Ko kaza ba ta yi motsi ba a gidan nan. Ni kuma na goge baki, na gyara zama, na fara, "Inna, ina jin kanumfari, ina jin citta, sannan daga can ƙarshe..."

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta taso a hankali, ta zare kofin daga hannuna, ta kafa kai ta shanye sauran tas a gaban kowa. Ta kife shi a kan tabarma. Ba tare da ta ɗaga murya ba ta ce:

"Ga shi na sha, ɗan nan. In da barbaɗe a ciki, ni zai kama."

Ta juya ta shige ɗaki. Sai a lokacin maganar Ɗanlami ta cikin mota ta dawo min. A garinmu wa ke shinshina abin da aka ba shi a gidan surukai? Wa ke haska shi a rana, ya tofar? Sai mai zargin an zuba masa asiri. Na yi wa tsohuwa mai carbi ƙazafi a tsakar gidanta, gaban 'ya'yanta, ba tare da na furta kalma ɗaya ba.

Na miƙe zumbur zan bi ta in yi bayani, sai ɗaya daga cikin goggonnin ta nuna ƙirjina ta ce, "Innalillahi, shi kuma wannan mene ne?" Na duba. Cakulet ya narke, ya ratso aljihu, ya zubo har cibiya a kan farar shadda. Ban san yadda muka fita ba. Na dai san takalmin Ɗanlami ƙafa ɗaya na sako, kuma har muka iso Gumel bai ce min uffan ba, sai kallon taga yake kafaɗunsa suna rawa.

Kwana goma sha biyu na yi ban san inda kaina yake ba. In zauna, in tashi, in fita ƙofar gida, in dawo. A sito na bar buhu mai yashi ya wuce har maigida ya tambaya ko lafiya. Na kira Sakina ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka. Saƙo ɗaya ta turo min, har yau na haddace shi: "Shekara da shekaru 'yan gulma suna cewa Inna tana yi wa mazan jikokinta asiri a zoɓo. Ba abin da ke sa ta kuka kamar wannan. Kai da ta fito wa da kofinta, kai ka tabbatar musu." Na karanta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsoron rasa Sakina yana nan, amma abin da ya fi ci na shi ne na sa tsohuwa kuka.

Daga ƙarshe na hau mota zuwa Gagarawa wajen Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, manomi ne mai magana ɗaya. Na same shi yana gyaran garma a gindin bishiya, na zayyana masa komai. Ya ce in nuna masa. Na ɗebi ruwa a kofin roba na yi masa tun daga haskawa har tofarwa. Sai ya tambaye ni:

"Su Turawan, don me suke tofarwa?"

"Don kada su bugu, Kawu. Kofi da yawa suke ɗanɗanawa."

"To, kai da zoɓo fa?"

Wata guda ina yawo da ilimin nan, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Kawu ya girgiza kai ya ce, "An ce baki ke yanka wuya, kai naka hanci ne ya yanka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma tashi mu je, ba na barin ɗan ƙanwata a rana."

Washegari da hantsi muka isa Sule Tankarkar. Na sako tsohuwar riga mai duhu, na riƙo cukun nan da ban samu damar bayarwa ba, da cakulet ɗaya a cikin ƙaramar kula da ƙanƙara. Inna ta bar mu a zaure kusan awa guda kafin ta ce mu shigo. Kawu ya yi magana mai tsawo, ya ce yaro ne ya yi tafiya ya ɗauko abin da ya fi ƙarfin kansa. Ni kuma na durƙusa, na ce, "Inna, ku yafe min. Wallahi ban zarge ku da komai ba. Burge ku na so in yi." Na ba ta labarin gonar inabi, da matar, da bokiti. Tana jan carbi, ba ta kalle ni ba.

Can ta ce, "Wato a can, mutum ya wahala ya haɗa abin sha, a kurɓa a tofar a gabansa, shi kuma ya tafa?"

"Haka ne, Inna."

"Allah ya kyauta." Sai ta ce wa ɗaya daga cikin goggonnin, "Kawo min kofi biyu."

Aka kawo kofunan silba guda biyu, kowanne da zoɓo. Ta ce, "Tunda kai gwani ne, ɗaya zoɓon bana ne, ɗaya na bara. Faɗa min wanne ne wanne."

Ina! Wa zai sake kai hanci? Na ɗauki na farko, na ɗauke numfashi gaba ɗaya don kada ma a ce iska ta shiga, na shanye. Na ɗauki na biyu na bi da shi. Na ajiye ina haki, idanuna sun yi ja. Ta ce, "To?" Na ce, "Wallahi Inna ban sani ba. Duka biyun da daɗi."

Sai na ga gefen bakinta ya motsa. Goggo ta fashe da dariya, Kawu ya rufe fuska da hula, labulen ɗakin nan ma na ga yana girgiza. Inna ta ce, "Na hannun damanka na bara ne, ya fi duhu, tsaminsa ya kwanta. Ni daga launin da ya bari a gindin kofi nake ganewa, ba sai na cusa hanci kamar akuya a kwandon dusa ba." Ta jawo ledar cukun ta ɓalli kaɗan ta tauna. "Wannan kuma wa ya ce maka da zoɓo ake cin sa? A Damagaram aka haife ni. Cuku da shayi mai zafi yake tafiya, ko da dabino. Tsami a kan tsami, ai sai haƙori ya mutu." Na ce to. Abin da na tsallaka teku na koyo rabi-rabi, ga shi a wajen tsohuwa cikakke.

Na buɗe kula na miƙa mata cakulet da hannu biyu. Ta jujjuya shi, ta gutsira, ta yamutsa fuska. "Wannan ai goro ne da bai yi sa'a ba." Amma ba ta mayar min ba, ƙulle shi ta yi a bakin zane. Sannan ta dubi Kawu ta ce, "Malam Ilu, yaronku wawa ne, amma ba mugu ba ne. Mugu a ɓoye yake zubarwa. Ku turo manya."

An ɗaura aure bayan sallar layya. Ranar da aka kawo kayan ɗaki, mata suna ta jere, sai goggo ta kira ni gaban kowa ta miƙo min wani ƙunshi, ta ce saƙon Inna ne, na ango shi kaɗai. Na kwance. Ɗan ƙaramin bokitin silba ne, sabo dal. Aka kwashe da guɗa da shewa, ni kuwa na tsaya riƙe da shi kamar an dasa ni.

Yana nan a saman kabet ɗin Sakina. Duk ranar da ta ga na dawo daga wani taro ina zumuɗin koyar da mutane, sai kawai ta sauko da shi ta ajiye a gabana. A dangin matata kuwa har 'ya'yan da aka haifa bayan abin sun san ni da Baba Shinshinau.

Abin da na koya bai da yawa. In ka ga ana yin abu a garin wasu, ka tambayi dalili kafin ka sa shi a jaka. In kuma ka iso ƙofar surukai, ka cire shi tare da takalmi ka bar shi a zaure. Duk wata nakan je gaida Inna da cakulet a kula, don ashe goron da bai yi sa'a ba ya kama ta. Takan fito min da kofin nan mai doguwar ƙafa, ta cika shi, ta tsaya a kaina tana kallo. Ni kuma in yi bismilla, in ɗauke numfashi, in shanye tas.